Fafutukar Biyafara da Haƙƙin Maƙwabci: Tunatarwa Daga Malumfashi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Direban babbar mota da ya yi lodin masara a Funtuwa ko Dandume ko Bakori, zai nufi Anacha ko Aba, ya san wani lissafi da ba a koya masa a tasha ba. Kafin ya tayar da mota sai ya ƙirga kwanakin tafiya da yatsa, don kada safiyar Litinin ta riske shi a hanyoyin Anambra ko Imo. Tun ranar 9 ga Agustan 2021, lokacin da ƙungiyar IPOB mai fafutukar kafa ƙasar Biyafara ta ayyana zaman gida na dole a kowace Litinin, ranar ta koma ranar fargaba a Kudu maso Gabas. Ƙungiyar ta ce ta janye umarnin ba da jimawa ba, amma 'yan bindiga suka ci gaba da tilasta shi shekara da shekaru. Ta haka ne rikicin da muke ɗauka na nesa ya shigo cikin farashin buhun masararmu, da kwanciyar hankalin uwar da ɗanta ke yaron mota.

Duk sa'ad da mummunan labari ya iso daga can, magana ɗaya ake ji a majalisu da shafukan Facebook: a bar su su tafi, mu ma mu kori nasu da ke nan. Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina a taƙaice shi ne, batun ko Nijeriya za ta ci gaba da zama ƙasa ɗaya batu ne na siyasa, ana iya tattauna shi, mutanen kirki kuma suna iya saɓawa juna a kansa. Amma jinin Ibon da ke sayar da magani ko kayan gyaran mota a bakin titin Malumfashi, da dukiyarsa da mutuncinsa, amana ce da ba ta jiran sakamakon waccan muhawara. Wanda ya cakuɗa biyun ya ɓata siyasarsa, ya kuma ɓata addininsa.

Mu fara da tarihi, domin ɗalibanmu da yawa sun gaji fushin ba tare da sun gaji labarin ba. Ranar 15 ga Janairun 1966 wasu ƙananan hafsoshin soja, akasarinsu Ibo, suka yi yunƙurin juyin mulki. Aka kashe Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello da Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da manyan sojojin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Raunin da wannan dare ya bari a zuciyar Arewa bai gama warkewa ba, kuma babu mai adalcin da zai ce a manta da shi. Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓi mulki, bai gurfanar da masu juyin a gaban shari'a ba, sannan ranar 24 ga Mayu ya fitar da Doka ta 34 wadda ta rushe tsarin jihohi ta mayar da ƙasar dunƙulalliya.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da ba mu cika son ambata ba. Daga ƙarshen Mayu tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa, ciki har da Zariya da Kano da Katsina da Gusau da Funtuwa. Taken masu zanga-zangar kalma ɗaya ce: a raba. Wato kafin a ji sunan Biyafara da shekara guda, mu ne muka fito tituna muna neman a raba ƙasa. Bayan juyin mulkin ramuwa na 29 ga Yuli, kashe-kashen Satumba da Oktoba suka ci rayukan dubban Ibo, mafi yawansu 'yan kasuwa da ma'aikatan reluwe da akawuna, waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba, ba su kuma san da shirin daren Janairu ba. Dubun dubata suka tsere zuwa Gabas, 'yan Arewa mazauna can su ma aka far musu. Taron Aburi na Janairun 1967 bai ɗinke ɓarakar ba. Ranar 30 ga Mayun 1967 Odumegwu Ojukwu ya shelanta Biyafara, yaƙi ya fara a watan Yuli, bai ƙare ba sai 15 ga Janairun 1970. Mafi yawan ƙiyasi na cewa sama da mutum miliyan ɗaya suka mutu, galibinsu ƙananan yara da yunwa ta kashe.

Ba na kawo wannan don in ɗora wa wani laifi in wanke wani ba. Na kawo shi ne don mu ga yadda abin yake faruwa: mutane ƙalilan su aikata ta'asa, a ɗora wa ƙabila baki ɗaya, a yi ramuwa a kan marar laifi, ramuwar ta haifi wata, har a wayi gari babu mai iya tsayar da ita. Duk wanda ke kiran a maimaita matakin farko, to ya san inda tsanin yake ƙarewa.

Adalci ya wajabta mu saurari koken Ibo kamar yadda su suke faɗarsa, ko da ba mu yarda da dukkansa ba. Suna tuna cewa bayan yaƙi, duk da shelar Janar Yakubu Gowon cewa babu wanda ya ci babu wanda aka ci, fam ashirin kacal aka ba masu ajiya a banki da yawa, komai yawan abin da suka ajiye. Suna tuna gidajensu na Fatakwal da aka kira dukiyar da aka yasar, aka hana su. Suna nuna cewa shiyyarsu ce kaɗai mai jihohi biyar, Abia da Anambra da Ebonyi da Inugu da Imo, alhali sauran shiyyoyi suna da shida, Arewa maso Yamma kuma bakwai. Ƙananan hukumominsu 95 ne, namu na Arewa maso Yamma 186, kuma da waɗannan alƙaluma ake rabon kujeru da kuɗi. Suna cewa tun bayan yaƙi babu ɗansu da ya shugabanci ƙasar. Mafi girman abin da suka samu shi ne kujerar Dokta Alex Ekwueme, mataimakin Alhaji Shehu Shagari daga 1979 zuwa 1983. Zaɓen 2023, wanda Peter Obi ya zo na uku da ƙuri'u sama da miliyan shida, ya ƙara wa matasansu jin cewa ƙofa a rufe take.

Muna da amsa ga wasu daga cikin waɗannan koke. Yawan jama'a da faɗin ƙasa suna shiga lissafin jihohi. Shugabanci a dimokuraɗiyya da ƙawance ake samunsa. Talaucin da ke ƙauyukan Kafur da Ƙanƙara da Faskari ya isa ya nuna cewa yawan shugabanni daga yanki ba ya cika tukunyar talakansa. Amma amsa koke da hujja daban, ƙin sauraronsa daban. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Bayan Wujubil Hijra, ya lissafa fifita wata ƙabila a kan wata cikin abubuwan da ke saurin rusa mulki. Mu da muke alfahari da gadon Shehu bai kamata mu toshe kunne ga wanda ya ce an fifita wasu a kansa ba. A bincika. In gaskiya ne a gyara, in ba gaskiya ba ne a bayyana masa.

Sai dai koke ba ya halatta jini, kuma a nan ne tafiyar IPOB ta kauce hanya. Ƙungiyar MASSOB ta Ralph Uwazuruike, wadda aka kafa a 1999, ta yi iƙirarin fafutuka ba da makami ba. Nnamdi Kanu ya zo da Rediyon Biyafara da harshe mai dafi, yana zagin ƙasar da sauran ƙabilunta. Aka kama shi a Oktoban 2015, aka ba da belinsa a Afrilun 2017, ya bar ƙasar bayan samamen sojoji a gidansu da ke Umuahia a Satumban shekarar, watan da kotu ta ayyana IPOB a matsayin ƙungiyar ta'addanci. A Disambar 2020 ya kafa rundunar ESN. Tun daga nan aka shiga ƙona ofisoshin 'yan sanda da na hukumar zaɓe. An harbe Ahmed Gulak a Oweri ranar 30 ga Mayun 2021. A Mayun 2022 aka kashe wata baiwar Allah 'yar Arewa mai juna biyu tare da 'ya'yanta huɗu a jihar Anambra. IPOB ta sha musanta hannu a irin waɗannan kashe-kashe, amma wanda ya hura wuta da baki ba ya zaɓa mata gidan da za ta ci. An dawo da Kanu daga Kenya a Yunin 2021, kuma ranar 20 ga Nuwamban 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Simon Ekpa, wanda ya riƙa ba da umarnin zaman gida daga ƙasar Finland, kotun can ta ɗaure shi shekara shida a Satumban 2025.

Haƙƙinmu ne mu nemi a bi kadin jinin 'yan'uwanmu da aka zubar, a kama masu laifi, a biya diyya, a tsare direbobinmu da fatakenmu na kasuwar shanu ta Lokpanta da Ama Hausa ta Oweri. Shugaban Arewa da ya yi shiru a kan wannan ya ci amanar mutanensa. Amma a lura da abu ɗaya da ba kasafai ake faɗa a majalisunmu ba: mafi yawan waɗanda wannan fitina ta ci Ibo ne. 'Ya'yansu ne suka rasa darasin Litinin da jarrabawa. Kasuwanninsu ne suka rufe. Sarakunansu na gargajiya ne aka sace ko aka kashe. Dokta Chike Akunyili, mijin marigayiya Farfesa Dora Akunyili, a kan titin Anambra aka harbe shi a Satumban 2021. Ibo na gari yana tsakanin bindigar ɗan ta'adda da ta jami'in tsaro.

Wannan hali ba baƙo ba ne a gare mu. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da ɗari uku daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara. A Agustan 2025 'yan bindiga suka buɗe wuta a kan masallata lokacin sallar Asuba a Unguwar Mantau, cikin wannan ƙaramar hukuma tamu ta Malumfashi, gommai suka rasu. Waɗanda suka aikata haka da harshenmu suke magana, sunayensu irin namu ne. Da wani a Aba zai ce duk Bahaushe ko Bafulatani ɗan bindiga ne, sai mu ce ya zalunce mu, kuma gaskiyarmu. Mun ga sakamakon irin wannan kuɗin goro a Maris ɗin 2025, lokacin da aka kashe mafarauta goma sha shida 'yan Arewa a Uromi bisa zargin garkuwa da mutane. Uromi kuwa a jihar Edo take, ƙasar mutanen Esan, ba ƙasar Ibo ba. Amma a ranakun nan na ji da kunnena masu cewa a rama kan Ibo, domin a wurinsu duk ɗan Kudu abu ɗaya ne. Mudun da muka ƙi a auna mana da shi, ta yaya za mu auna wa wani da shi?

Addininmu bai bar wannan mas'ala a duhu ba. Alƙur'ani ya maimaita a surori da dama, daga ciki har da An'am da Faɗir, cewa babu ran da ke ɗaukar laifin wani rai. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci a kansu. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu don addini ba, bai kuma fitar da mu daga gidajenmu ba. Suratul Hujurati ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci, ta hana jifan juna da sunayen banza, ta kuma bayyana cewa an yi mu dangi da ƙabilu ne don mu san juna. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa wanda ya kashe ran da ke ƙarƙashin alkawarin zaman lafiya ba zai ji ƙamshin Aljanna ba. Ibon da ya kama hayar shago a hannunka, yake biyan haraji tare da kai, yake ƙarƙashin tsarin mulkin da sashe na 41 nasa ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya so, yana cikin alkawari mai ƙarfi. A yaƙin Banil Musɗaliƙ, da wani Bamuhajire da wani Ba'ansare suka yi saɓani kowa ya kira mutanensa, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kira wannan kiran jahiliyya, ya ce a bar shi domin abu ne mai wari. Idan kira da sunan Muhajirai da Ansaru, sunayen da Alƙur'ani ya yaba, ya zama jahiliyya sa'ad da aka yi shi don ƙabilanci, ina ga kira da sunan Arewa don a kori wanda bai yi laifi ba?

Akwai kuma kuskuren ɗaukar ƙabila a matsayin addini. Mu a Malumfashi da Kafur mun san Hausawa Kirista da Maguzawa, harshenmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya. Haka nan akwai Ibo Musulmi. A Enohia ta Afikpo, jihar Ebonyi, Shaihu Ibrahim Nwagui, almajirin Shehu Ibrahim Inyas, ya musuluntar da jama'arsa tun shekarun 1950, kuma a yankin Nsukka, garuruwa irin su Inugu-Ezike da Ibagwa, Musulunci ya daɗe da kafuwa. Waɗannan bayin Allah suna shan tsangwama ta fuska biyu: a gida ana musu kallon waɗanda suka koma Hausawa, a Arewa kuma wasunmu suna shakkar Musuluncinsu. Duk wanda ya yi wa Ibo kuɗin goro da zagi, ya haɗa da ɗan'uwansa na sahu. Sunan nan da muka saba kiran su da shi, wanda aka ce ya samo asali daga kalmarsu ta roƙon ruwan sha, da yawansu ba sa son sa, kamar yadda mu ma ba ma son yadda ake furta kalmar aboki da raini a Kudu. Barinsa ba zai rage mu da komai ba.

Tarihinmu yana da abin koyi, ba duka baƙi ba ne. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatanin ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko, da ƙuri'ar mutanen garin. Dokta Nnamdi Azikiwe da Ojukwu duk a Zungeru aka haife su. Bayan yaƙi, Ibo da yawa da suka dawo garuruwan Arewa sun tarar da gidajensu a tsare, wasu ma maƙwabtansu Hausawa suka miƙa musu kuɗin hayar da suka tara tsawon shekarun yaƙi. Dattawan da suka yi haka sun bi sawun Manzon Allah, wanda a daren hijira ya bar Sayyidina Ali a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali garin ne ke farautar ransa. Shagari ya yi wa Ojukwu afuwa ya dawo gida a 1982. Ko a kwanan nan, da gamayyar wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka taru a Gidan Arewa da ke Kaduna ranar 6 ga Yunin 2017 suka ba Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba, gwamnonin Arewa sun yi watsi da shi, Mai Martaba Sarkin Katsina Alhaji Abdulmumini Kabir Usman ya fito ya tabbatar wa baƙin masarautarsa kariya, kuma aka janye wa'adin a watan Agusta. Wannan shi ne halin manya.

Ga wanda ya ce a raba kowa ya huta, ina roƙonsa ya dubi gonarsa. Tumatirin Danja da masarar Dandume da waken suyar Funtuwa da shanun kasuwanninmu, wani kaso mai yawa nasu Kudu yake tafiya; manja da garin rogo da kayan gyara kuma daga can suke zuwa. A ƙarshen Fabrairun 2021, da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha ta Badun, abinci ya yi tsada a can, amma a nan tumatir ya ruɓe a kwando, manomi ya sayar da asara, cikin kwanaki kaɗan aka janye. Rabuwa kuma ba ta zuwa kamar rabon gado a gaban alƙali. Rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta tayar da miliyoyin mutane daga gidajensu, ta ci dubban ɗaruruwan rayuka. Sudan ta Kudu ta samu 'yanci a Yulin 2011, kafin ƙarshen 2013 ta faɗa yaƙin basasa tsakanin 'ya'yanta. In ma wata rana 'yan ƙasa suka ga rabuwa ce maslaha, hanyarta ita ce teburin shawara da gyaran tsarin mulki. Wa'adi da ƙone shaguna ba su taɓa haifar da ƙasa mai lafiya ba.

Abin da ya rage shi ne aikin kowane gida. Mai gida ya kula da kalmomin da yake furtawa a gaban yara sa'ad da ake sauraron labarai, domin ƙiyayya a kan tabarmar cin tuwo ake fara koyonta. Ɗalibi ya karanta tarihin 1966 gaba ɗayansa, na Janairu da na Mayu da na Satumba, kada ya tsaya a shafin da ya yi masa daɗi. Kuma kada ya tura bidiyon da bai san ranarsa da wurinsa ba, domin tsohon hoto ya sha tayar da sabuwar tarzoma. Limaman Juma'a su yi huɗuba a kan haƙƙin maƙwabci da na wanda aka ba amana tun ana zaune lafiya, kada su jira sai hayaƙi ya tashi. Shugabannin kasuwa da na direbobi su riƙe zumunci da takwarorinsu na Anacha da Aba, saboda ranar tashin hankali wayar da aka saba kira ita ce ke ceton rai. 'Yan majalisarmu kuma su nemi haƙƙin mamatanmu da ƙarfi, su kuma goyi bayan duk gyaran da zai sa kowane yanki ya ji yana da rabo a ƙasar.

Ranar da mummunan labari zai sake zuwa daga Gabas, matasa za su taru a bakin titi, idanu kuma za su koma kan shagon wani mutum da ya shekara ashirin yana gaisawa da mu da Hausa. A ranar ne za a san abin da muka karanta a makarantun allo da na Islamiyya. Ina fata a samu dattijo da malami da ɗalibi da za su tsaya a ƙofar shagon su ce wannan amanarmu ce.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kawo mana ƙarshen zubar da jini a Katsina da Kudu maso Gabas da sauran sassan ƙasarmu, Ya ba mu ikon yin adalci ga wanda muke so da wanda muke ƙi. Amin.